Yadda Ƙungiyar Zari-Ruga Ke Sauya Dabara Ana Tsaka Da Wasa

A watan Fabrairun 2017, a filin Twickenham da ke Landan, Italiya ta zo wa Ingila da abin da ba ta shirya masa ba. Duk lokacin da ɗan Italiya ya kayar da mai ƙwallo, sai 'yan uwansa su ƙi shiga kokawar da ake yi a kanta, wadda ake kira rak. Tunda ba a kafa rak ba, a dokar wancan lokacin babu layin satar gida, don haka 'yan Italiya suka riƙa zagayowa suna tsayawa tsakanin lamba 9 da lamba 10 na Ingila, suna toshe hanyar miƙa ƙwallo. Manyan 'yan wasan Ingila har suka je suna tambayar alƙalin wasa, Romain Poite, abin da ya kamata su yi, ya ce musu shi alƙali ne, ba koci ba. An tafi hutu Italiya na gaba da maki 10 da 5. Maganin kuwa yana gaban idonsu tun farko: in babu kowa a kan ƙwallo, ɗauke ta ka kutsa ta tsakiya. Da suka dawo suna yin hakan, suka ci 36 da 15. Amma kusan minti 40 ƙungiya mai ƙwararrun 'yan wasa ta ɓata kafin ta gano abin da ake iya ganowa cikin minti biyar.

Wannan tazara, tsakanin lokacin da matsala ta bayyana da lokacin da aka magance ta, ita ce abin da ake son taƙaitawa. Ga kalmomin da za a riƙa amfani da su. 'Yan gaba su ne ƙarti takwas masu lamba 1 zuwa 8, 'yan baya su ne bakwai masu lamba 9 zuwa 15. Rak shi ne turereniyar da ake yi a kan ƙwallo tana ƙasa bayan an kayar da mutum, mol kuma irinta ce amma ƙwallon na hannu ana tsaye. Sikiram shi ne haɗa kafaɗun 'yan gaba takwas da takwas, layin jifa kuma shi ne dawo da ƙwallo wasa bayan ta fita ta gefe. Tirai, wato dire ƙwallo a ƙasa a kan layin ƙarshe na abokan hamayya ko bayansa, maki 5 ne, bugun ƙari da ke biyo bayansa 2, bugun laifi zuwa turaku 3, dirof, wato sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa a buge ta zuwa turaku ana tsaka da wasa, shi ma 3.

Mataki na farko: a tanadi abin da za a sauya zuwa gare shi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar da ake yabawa da saurin sauya dabara ba ƙirƙira take yi a fili ba, zaɓa take yi daga abin da ta riga ta maimaita a atisaye. Abin da ya ishi yawancin ƙungiyoyi shi ne salon kai hari uku, salon tsaro biyu, da hanyar fita daga gida biyu.

Salon harin su ne na kutsawa kusa da rak da 'yan gaba, na buɗe ƙwallo zuwa gefe, da na bugu don cin fili. Na tsaro kuwa, akwai na rugawa gaba a layi ɗaya a shaƙe abokan hamayya kafin su miƙa ƙwallo, akwai kuma na zamewa, inda ake barin su su miƙa ana kora su zuwa layin gefe. Hanyar fita daga cikin mita 22 ɗinku, wato yankin da ke gaban layin ƙarshenku, ko dai bugun sama na lamba 9 daga bayan rak, ko dogon bugu na lamba 10 ko 15.

Kowanne a ba shi suna na kalma ɗaya, wadda za a iya ƙwalawa a ji cikin hayaniyar 'yan kallo. Kalmar da sai an yi mata bayani ba ta da amfani a minti na 65, lokacin da ƙirjin kowa ke zafi. Kuma kada a yi yawa. Ƙungiyar da ke atisaye sau biyu a mako, in aka ɗora mata kira 30, za ta manta rabi ta cuɗanya sauran.

Sai rabon iko, wanda a nan ne aka fi samun tangarɗa. Mai kiran layin jifa mutum ɗaya ne, yawanci lamba 4 ko 5. Saurin wasa da ɓangaren da za a nufa na lamba 9 da 10 ne. Tsaron layi yana hannun mutum ɗaya, galibi lamba 13, domin shi ne ke tsaye a wurin da ya fi wuyar karewa kuma yana ganin yawan mutanen da ke fuskantarsa. Lamba 15 shi ke tsara masu gadin baya. Kyaftin yana da abu biyu: magana da alƙali, da yanke shawara a kan bugun laifi. In waɗannan jagorori ba su san iyakar juna ba, za a samu lamba 9 na hanzarta wasa yayin da kyaftin ke son a lafa, ƙwallo ta fito ba wanda ya shirya karɓarta.

Mataki na biyu: a mayar da minti 15 na farko lokacin bincike

Abu na farko da za a karanta shi ne alƙali, ba abokan hamayya ba. Doka ɗaya ce, amma kowane alƙali da inda ya fi sa ido. A lura da hukunci uku ko huɗu na farko a wurin rak. Daƙiƙa nawa yake ba wanda aka kayar kafin ya ce ya riƙe ƙwallo? Yana barin mai wawurar ƙwallo ya dafa ƙasa da hannu, ko yana hura usur nan take? Yana tsananta wa wanda ya kayar ya mirgina gefe? Idan yana saka wa masu wawura, ku riƙa tura mutum biyu su share rak ɗinku da wuri, ku kuma saki lamba 7 ɗinku ya yi farauta. Idan kuwa hukunta su yake yi, ku janye hannu daga rak ɗin abokan hamayya gaba ɗaya, ku cika layin tsaro da mutane. Gardama da shi ba ta canza komai, sai dai a ƙara muku mita 10 baya.

Na biyu, saurin ƙwallo. Ma'aunin da masu horarwa ke amfani da shi shi ne daƙiƙa uku. In ƙwallo na fitowa daga rak ɗinku cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka, masu tsaro ba su gama jeruwa ba, sai a ci gaba da wasa da hannu. In tana kai biyar ko shida, bango kuke fuskanta. Mutum ɗaya a benci ya riƙe wannan lissafin kawai, ba wani abu ba.

Na uku, a gwada tsaronsu da gangan. A miƙa ƙwallo sau ɗaya zuwa gefe, a ga ko ɗan gefensu na rugowa ciki ko yana ja da baya. A yi dogon bugu ɗaya, a ga wa ya karɓa, da wace ƙafa yake bugu, kuma yana mayarwa ko yana gudu da ita. A jefa layin jifa ɗaya gaba, ɗaya baya, a ga inda suke ɗaga mutum. A ƙirga masu gadin bayansu. Tun da dokar 50:22 ta shigo a 2021, wadda ke ba ku jifa in kun buga daga rabinku ƙwallo ta dira a fili ta fita a cikin mita 22 ɗinsu, ƙungiyoyi da yawa suna ajiye mutum biyu a baya. Biyu a baya na nufin 13 a layi. In uku ne a baya, 12 ne a layi, akwai gurbi a gefe. In ɗaya ne, filin baya a buɗe yake, a buga.

Iska da ruwan sama ba sa buƙatar dogon nazari. In iska na bayanku, ku buga nesa ku tara maki kafin a juya. In tana gabanku, ƙwallo a hannu, bugu ƙasa-ƙasa, jifa zuwa gaban layi. In ruwa ne, a matso kusa da juna, a rage yawan miƙawa, a bar abokan hamayya su yi kuskure a gidansu.

Mataki na uku: a bambance lalacewar tsari da lalacewar aiki

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi jawo asara. Ba duk abin da ya ƙi ci ne ke buƙatar sauyi ba. In an buɗe ƙwallo gefe, mutum uku na fuskantar biyu, sai ta kuɓuce daga hannun na ƙarshe, tsarin ya yi aiki, hannu ne ya gaza. A maimaita. Amma in sau uku ana kayar da lamba 12 a bayan inda aka faro, kafin ma ƙwallo ta isa gefe, to tsarin ne bai dace da tsaron da ke gabanku ba.

Tambayar da jagorori za su yi wa juna ita ce: mun samu gurbin da muke nema, ko ba mu samu ba? In an samu an ɓarar, a gyara aiki. In ba a samu ba sau uku a jere, a sauya. Sau ɗaya tsautsayi ne, sau biyu abin lura ne, na uku ya isa hujja. Banda wuri ɗaya: kusa da layinku, in mol ɗinsu ya ture ku sau ɗaya har ya ci tirai, kada ku jira na biyu.

Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa. In aka sauya salon tsaro, aka sauya kiran jifa, aka kuma sauya mai bugu duk a tsayuwa ɗaya, ba za a san wanne ya yi aiki ba, kuma tabbas wani zai manta nasa. Layin tsaron da mutum 12 suka ruga gaba, mutum ɗaya kuma ya tsaya, ya fi kowane tsohon tsari muni, domin wannan gurbin ne lamba 10 mai ido ke jira.

Mataki na huɗu: lokacin isar da saƙo da siffarsa

Ana tsaka da gudu ba a sauya tsari, sai dai a ƙwala kira. Lokutan magana su ne bayan an ci tirai ana shirin bugun ƙari, lokacin da ake bugun laifi zuwa turaku, wanda doka ta ba shi daƙiƙa 60, lokacin duba wanda ya ji rauni, da lokacin da alƙali ke duba bidiyo. Mafi daraja a cikinsu shi ne bayan an ci ku, domin duk kuna tsaye wuri ɗaya a bayan turaku. Abin takaici shi ne yawancin ƙungiyoyi a zargin juna suke ƙarar da shi.

Ga yadda ake cin moriyar minti ɗayan nan. Daƙiƙa 15 na farko ba mai magana, kowa ya ja numfashi. Sai mai tsaro ya faɗi abin da ya faru cikin jimla ɗaya. Sai kyaftin ya faɗi abin da za a yi daga bugun farawa zuwa tsayuwa ta gaba. Saƙon ya kasance aiki ne da ake gani da ido. "Mu ƙara ƙaimi" ba saƙo ba ne. "Mutum biyu a kowace kayarwa, na farko ƙafa, na biyu ƙwallo" saƙo ne. "Ba mai shiga rak ɗinsu sai lamba 7" saƙo ne.

Daga benci, masu kai ruwa ne ke ɗauko saƙo, kuma a manyan wasanni suna da na'urar sadarwa a kunne. Abin ya taɓa wuce gona da iri: a 2021 Rassie Erasmus, daraktan zari-ruga na Afirka ta Kudu, da kansa ya riƙa shiga fili da gorar ruwa a wasanninsu da British and Irish Lions, haɗaɗɗiyar ƙungiyar Birtaniya da Ireland, daga baya hukumar World Rugby ta hana manyan masu horarwa wannan aiki. Ko ma wa ya kawo, saƙo ɗaya ga mutum ɗaya. Koci da ke aiko da abu biyar a kowace tsayuwa yana kashe tunanin 'yan wasansa, su koma kallon benci maimakon kallon abin da ke gabansu.

Hutun rabin lokaci ba ya wuce minti 15, kuma tafiya da dawowa na cin wani abu a ciki. A bar minti uku na farko ga ruwa da masu duba rauni. Sai 'yan gaba su keɓe, 'yan baya su keɓe, 'yan wasa su fara magana kafin koci, domin sun ji abin da ba a gani daga sama, kamar wanda ya fara haki a sahun gaban abokan hamayya, wato lamba 1 zuwa 3. A ƙarshe a haɗu, a fita da abu biyu, in ya yi yawa uku.

Mataki na biyar: wace matsala, wane magani

In suna rugowa suna shaƙe ku. Kuskuren da aka saba yi shi ne ƙoƙarin zagaye su da doguwar miƙawa ta sama, wadda ita suke jira su cafke. Mai rugowa gaba ya bar fili a bayansa, kuma ba ya iya juyawa da sauri. Don haka lamba 10 ya gangara ƙwallo a ƙasa ta tsakanin lamba 12 da 13 nasu, ko ya ɗan tsallake kansu da ita, ko ya buga ta ƙetare fili zuwa ɗan gefenku in nasu ya shigo ciki. Sau biyu ya isa ya sa su fara shakka, kuma layin da ke shakka ba ya rugowa. Hanya ta biyu ita ce a kai hari kusa da rak, inda ba su da tazarar ɗaukar gudu: ɗauka a kutsa, ko gajeriyar miƙawa a mayar ciki. In lallai sai an buɗe, 'yan baya su ƙara zurfi da mita biyu zuwa uku, ƙwallo ta bi ta bayan rukunin 'yan gaba.

In suna zamewa suna kora ku gefe. Nan akasin haka ake yi. Suna ba ku fili a gaba, ku karɓa. Mai ƙwallo ya miƙe sak ya nufi kafaɗar ciki ta mai tsaro, ya tilasta masa tsayawa kafin ya miƙa. Mai gudu a karkace yana cinye filin ɗan gefensa ne kawai. A sa wani ya yanko daga waje zuwa ciki, domin mai zamewa nauyinsa na kan ƙafar waje.

In ƙwallonku na fitowa a makare. Duba dalili kafin magani. Ko mai ƙwallo na shiga shi kaɗai, ko masu sharewa na zuwa a makare, ko ana riƙe shi a tsaye. In rukunin 'yan gaba a warwatse suke a faɗin fili, kamar a tsarin 1-3-3-1, a tattaro su kusa na ɗan lokaci. Mai ƙwallo ya sunkuya ya nemi ƙasa da wuri. In an yi zango uku, wato an fito da ƙwallo daga rak sau uku a jere, ba a ci gaba ba kuma kuna rabinku, a buga. Ci gaba da dukan bango a tsakiyar fili shi ke haifar da bugun laifi a kanku.

In ana sace muku jifa. A rage mutane daga bakwai zuwa biyar ko huɗu, domin fili ya ƙaru tsakanin layin mita 5 da na 15, masu tsalle su samu wurin yaudara. A hanzarta: a iso a jefa kafin su jeru. A koma gaban layi, ko da yake ƙwallon gaba ba ta da daɗin kai hari ga 'yan baya, ta fi babu. In alamu sun nuna sun gane kiranku, a koma kiran ajiya, wanda ya kamata a ce an tanada. Sannan a daina buga bugun laifi waje, a riƙa taɓawa a ruga ko a nufi turaku.

In ana ture ku a sikiram. Ƙwallo ta shiga ta fita nan take, lamba 2 ya shure ta ta gajeriyar hanya, lamba 8 ya ɗauke ko da sikiram na ja da baya. A rage miƙawar kasada, tunda kowace kuɓucewa gaba sikiram ce aka ba su. Kyaftin ya tambayi alƙali cikin ladabi abin da yake gani, ya gaya wa lamba 1 ko 3 daidai yadda aka faɗa. In an hukunta mutum ɗaya sau uku, a canza shi ko da minti na 30 ne, domin alƙali ya riga ya sa masa ido, kati ne ke tafe.

In mol ɗinsu na tafiya da ku. A zaɓi ɗaya, kowa ya sani: ko a yi tsalle a yi takarar ƙwallo a sama, ko a kayar da mai tsallen da zarar ƙafarsa ta taɓa ƙasa kafin mol ya kafu, ko a zauna ƙasa duka a tura su zuwa layin gefe. Rabi su yi tsalle rabi su jira, shi ne ke ba da tirai. A mita biyar daga layinku, zama ƙasa ya fi aminci.

Mataki na shida: in an ba da kati

Katin gargaɗi minti 10 ne na lokacin wasa. Masu mutum 14 aikinsu cinye agogo da nisanta ƙwallo daga gidansu: bugun laifi zuwa turaku, tafiya a natse zuwa layin jifa, riƙe ƙwallo kusa da 'yan gaba. A tsaro a koma zamewa, a daina zuba mutane a rak. In ɗan gaba ne ya fita, sai a yanke ko za a yi sikiram da bakwai ko a jawo lamba 12 ya cike gefe. In ɗan sahun gaba ne, dole a sikiram na gaba a shigo da wanda ya iya wurin, wani ya fita, kuma sunan mai fitar ya kamata a san shi tun kafin wasa.

Misali mai kyau shi ne wasan Ingila da Ajantina a Marseille a gasar kofin duniya ta 2023. An kori Tom Curry tun a minti na uku. Ingila ba ta yi yunƙurin wasan gudu da mutum 14 ba. George Ford ya buga dirof uku kafin hutu, ya ƙara bugun laifi shida, duk maki 27 nasa ne, aka tashi 27 da 10. Ajantina kuwa ta faɗa tarkon da masu rinjayen mutum ke faɗawa, na gaggawa da zubar da ƙwallo. Mai mutum 15 ba sai ya ci a zangon farko ba. Ya riƙe ƙwallo, ya kai ta wannan gefe ya dawo da ita wancan, gurbin zai buɗe da kansa a zango na biyar ko na shida.

Mataki na bakwai: benci

Mutum takwas ne a benci, kuma wanda aka cire don dabara ba ya dawowa sai a wasu yanayi na rauni. Rabon da aka saba shi ne 'yan gaba biyar, 'yan baya uku. Afirka ta Kudu ta yi 6 da 2 a 2019, ta kai 7 da 1 a wasan ƙarshe na 2023, inda ta doke New Zealand 12 da 11. Wannan caca ce, domin babu ƙwararren lamba 9 a benci ranar, kuma ba kowace ƙungiya ce ke da 'yan wasa masu iya wuri biyu da za su rufa mata asiri ba.

Abin koyi a wurinsu ba rabon ba ne, rashin jinkirin ne. A wasan kusa da na ƙarshe da Ingila, cikin ruwan sama a Paris, sun cire lamba 10 ɗinsu Manie Libbok an ɗan wuce minti 30, suka sa Handré Pollard, wanda wasan bugu ya fi dacewa da shi. Suna baya 15 da 6 sabbin 'yan sahun gaba, Ox Nché da Vincent Koch, suka fara samo bugun laifi a sikiram, RG Snyman ya ci tirai, Pollard ya buga na ƙarshe daga kusan tsakiyar fili, aka tashi 16 da 15. Canjin da aka rubuta tun daren jiya cewa a minti na 55 za a yi shi, ba sauya dabara ba ne. Kowane mai shiga ya shiga da aiki ɗaya da aka faɗa masa, da saƙo ɗaya da zai kai wa jagoran sashensa. A guji canza lamba 2, wanda ke jefa ƙwallo, da mai kiran jifa a lokaci guda in ana shirin jifa mai muhimmanci.

Mataki na takwas: maki da agogo

Daga minti na 60, kyaftin da lamba 10 su san tazarar maki a kowane lokaci. Rinjayen 8 na nufin sai sun ci sau biyu, na 15 sau uku. Don haka in kuna gaba da 5 aka ba ku bugun laifi mai sauƙi, ku karɓi ukun. In kuna baya da 9 saura minti 12, karɓar uku da wuri ya fi, domin dole ne ku ci sau biyu ko ta yaya.

Shawarar turaku ko kusurwa ba ta jarumtaka ba ce, ta hujja ce. A gasar kofin duniya ta 2015 an ga fuska biyu cikin mako guda. A Brighton, Japan na baya 32 da 29 a hannun Afirka ta Kudu, lokaci ya kusa cika, kyaftin Michael Leitch ya ƙi bugun da zai kawo kunnen doki, ya zaɓi sikiram. Afirka ta Kudu na da mutum 14 a lokacin, Japan kuma ta wuni tana riƙe nata sikiram. Karne Hesketh ya ci a kusurwa, 34 da 32. Bayan kwana bakwai Ingila na baya 28 da 25 a hannun Wales, Chris Robshaw ya zaɓi kusurwa, aka jefa gaban layi, kusa da gefe, Wales ta ture su waje. Tambayar da kyaftin zai yi ita ce: a yau, a wannan wasan, jifarmu da mol ɗinmu sun yi aiki? Kuma me kunnen doki zai amfana mana a teburi?

Dirof yana buƙatar shiri tun kafin a matsu. 'Yan gaba su kutsa zuwa tsakiyar fili daura da turaku, mai bugu ya koma mita takwas zuwa goma a bayan rak, a sa na biyu a ɗaya ɓangaren don raba hankalin masu tarewa. Ireland ta riƙe ƙwallo zango 41 a wasanta da Faransa a Paris a 2018 kafin Johnny Sexton ya buga wanda ya ba su 15 da 13. Kuma in kuna gaba lokaci ya cika aka ba ku bugun laifi, sai an fara taɓa ƙwallo da ƙafa sannan a fitar da ita. In aka buga waje kai tsaye, za a yi jifar.

Yadda ake horar da wannan

A kowane mako a ware minti 15 zuwa 20 na wasan yanayi. Koci ya ce: saura minti shida, kuna baya da 4, lamba 6 na waje da kati, jifa taku ce a tsakiyar fili. Ya ba jagorori daƙiƙa 30, ya ja bakinsa ya yi shiru. A asirce ya gaya wa ɓangaren da ke tsaro su sauya daga zamewa zuwa rugawa bayan zango na uku, ya ƙirga zango nawa masu hari za su yi kafin su lura. Mai hura usur ya tsananta wani abu ɗaya ba tare da sanarwa ba, yau satar gida, gobe mirginawa gefe. A yi wannan a ƙarshen atisaye, lokacin da gajiya ta kama kowa. Wani lokaci a cire lamba 10 ko mai kiran jifa ana tsaka da yi, a ga wa zai karɓi ragama. Bayan an gama, tambayar farko ga 'yan wasa ita ce me suka gani kuma a zango na nawa, sannan a buɗe bidiyo a gwada da abin da ya faru.